Huhun Mahauci da Ragon Liman

Duk faɗin Adar, daga Tawa har can arewa inda gonakin gero ke ƙarewa raƙuma su karɓi ƙasa, ba a haifi mahaucin da ya kai ni huhu ba. Ban ce wuƙa ba, don akwai waɗanda suka fi ni hannu. Huhu na ce. In aka yanka rago, na tsaga fatar ƙafarsa ta baya, na zura tsinke na buɗe wa iska hanya, na kafa baki, to kafin mai ragon ya gama wanke hannu dabbarsa ta tashi tim kamar ganga, ƙafafu huɗu na nuna sama. Sai in bubbuga ta, fata ta rabu da nama, in zare ta kamar mai tuɓe wa yaro riga. Majema har faɗa suke yi a kan fatar da ta fito daga hannuna, don ba za ka ga ƙwarzanen wuƙa ko ɗaya ba. Ana ma cewa na taɓa hura wani maraƙi sai da aka ɗaure shi da igiya, kada iska ta wuce da shi Takanamat. Ni ban ce an yi ba, amma ban taɓa ƙaryatawa ba. Shekarun da jam'iyyu suka ɓarke a ƙasar nan kuwa, duk mai taro ni yake nema in yi masa shela, domin lasifika na mutuwa, ni ba na mutuwa.

To, mai wannan huhun ne aka wayi gari yana zaune bakin gadon likita a Yamai, an miƙa masa kwalbar ruwa da ɗan siririn tiyo a ciki, an ce ya hura. Na hura. Ruwan ya yi ɗan motsi kamar an ba shi labarin da bai dame shi ba, ya koma ya kwanta.

Abin ya faro ne da wani ƙullutu a haƙarƙarina na dama. Na ɗora laifin a kan wani bijimi da ya taɓa harbina a mayanka, na je wanzami ya yi mini ƙaho, na sha saiwoyin da ko akuya aka ba sai ta yi kuka. Ƙullutun bai ji ba. Daga girman aduwa ya koma goriba, ya yi tauri, har ya fara hana ni kwanciya ta wannan gefen. Maiɗakina ce ta tasa ni gaba zuwa wajen lokotoro, wato likita. Ya latsa, ya sa aka ɗauki hoton ƙirjin, ya daɗe yana kallonsa a jikin taga, sannan ya ce in nufi Yamai. Can aka gaya mini ciwon daji ne ya kama ƙashi, amma da sauƙi tunda ya tsaya wuri ɗaya bai yi yawo ba. Suka ce sai an cire shi da ƙashin da ya zauna a kai.

In ina ba da labari a kasuwa nakan ce haƙarƙari shida aka cire mini. In maiɗakina na kusa, biyu ne. Suka toshe wurin da wani abu kamar raga, suka ɗinke, suka bar mini tiyo a kwiɓi yana zubar da ruwa. Ni da na ƙare rayuwata ina sarar haƙarƙarin dabbobi ina ɗorawa a tebur, ga nawa an tafi da su ko sallama ba mu yi ba.

Ranar da na farfaɗo sosai ban yi raha ba. Na ja numfashi, ya taho har rabin hanya ya coge kamar jaki a bakin rami. Na sake ja, ya sake cogewa, wani zogi ya soke ni daga ƙirji har baya. Nan tsoro ya shige ni, irin wanda ban ji ba ko lokacin da aka ambaci sunan ciwon. Na kira majo, wato babban mai jinyar ɗakinmu, wani dogon dattijo da ba ya gaggawa a kan komai. Na ce masa, "Majo, don Allah ka gaya mini gaskiya. Zan sake hura rago?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Hura rago kuma? Sana'arka ke nan?"

Na kwatanta masa yadda ake yi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tafi ya dawo da kwalbar nan da tiyo. "Ga ragonka na yanzu," in ji shi. "Safe, rana, marece, ka hura har ruwa ya tafasa. Ka yi tari ko da zafi, ka rungumi matashin kai ka yi. Ka yi tafiya. Ka riƙa hawan bango da yatsun hannun dama har hannun ya miƙe. Huhun da aka bari ya kwanta ba ya son tashi. In ka ji tsoron zafi ka daina, shi ke nan, sai ka koma sayar da gishiri."

Haka na dawo Tawa da ɗinki, da kwalba, da muryar da ko kaza ba ta kora.

Ga abin da ke cina. Wancan zamanin nama ba ya tafiya. Ma'aikata sun yi wata da watanni ba albashi, yau yajin aiki gobe yajin aiki, darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, wanda ya saba sayen cinya ya koma tambayar ƙashin miya. Abin da ke riƙe gidan mahauci irina shi ne Babbar Salla. Akwai gidajen unguwarmu da tun zamanin mahaifina mu ke feɗe musu ragon layya, a fara da gidan liman a bi sauran. A ba ka wuya, a ba ka fata, a tuna da kai da hatsi in kaka ta yi, in suna ko biki ya tashi a cikin shekara kai za a kira. Amma gidan da ya sake mahauci sau ɗaya ba ya komowa. Ba faɗa ba ne, kunyar sabon mahaucin ce ke hana su sallamarsa. Ga kuma wani mahauci da ya zo daga Maraɗi, ƙato mai ƙirji kamar ƙofar zaure, wanda tun ina Yamai yake zuwa gaida liman da ƙwazon da ba a san shi da shi ba. In Salla ta zo ban iya hura ragon liman ba, to layin gidajen nan ya bar hannunmu ke nan, a kaina.

Saboda haka na duƙufa. Sai dai ina jin kunya. Mutum da furfura a gemu ya zauna yana tayar da kumfa a kwalba kamar ɗan yaye? Na riƙa ɓuya a bayan rumbu, in juya wa ƙofa baya, in rufe ido, in ja, in hura, in yi ta salati saboda zogi. Ashe wata tsohuwa maƙwabciyarmu na hange na ta katanga. Mutum ya dawo daga Yamai an tsaga shi bai mutu ba, yana ɓuya, yana motsa baki, yana hura ruwa a kwalba: me kake so ta ɗauka? Wata safiya sai ga ta da ƙwarya cike da ruwa, ta durƙusa.

"Malam, jikata ce ba ta barci. A taimaka a tofa mata."

"Inna, wane malam? Ni ne fa, mai nama."

"Na sani. Irinku ba ku faɗi. A dai tofa."

Na rantse, na maimaita, ta ƙi tashi. Kafin mako ya zagayo, mata sun fara ajiye mini kwanoni a zaure. Har wani ɗan jam'iyya ya zo da rawani da turare, ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce maigidansu na son a yi masa aiki a kan zaɓe, kuma zai ga alheri. Ba zan ɓoye ba, na fara lissafin alherin a raina. Maiɗakina ce ta fito da muciya a hannu, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, wanga mutum ko kananzir ka ba shi ya hura ba ya kamawa. Numfashi yake koyo. In maigidanku numfashi yake nema, ga kwalba, ya zo su yi tare." Daga ranar ta kwashe ni daga bayan rumbu ta dasa ni tsakar gida, inda kowa zai ga babu wani asiri sai majina da tari.

Mafi wuyar abin duka ita ce dariya. Ni mutum ne da in ban yi dariya ba abinci ba ya zauna mini, ga shi ko murmushi na zurfafa sai ɗinki ya tuna mini. Kuma Allah ya haɗa ni da taubashi, ɗan gwaggona, mai kiwo da dillancin dabbobi a Barmu, wanda tun muna yara ba shi da aikin da ya wuce tsokanata. Da farko maiɗakina ta hana shi shiga. Daga baya ta lura duk ranar da ya zo, dariya na jawo tari, tari na fito da abin da ya daskare a ƙirji, in kwana da sauƙi. Sai ta koma tana aika masa.

Yakan shigo da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya a kaina yana girgiza kai. "Ɗan kawu, yanzu da anka ɗebe ma haƙarƙari, mi ya rage? Da ragona ne kai, da na maishe ka ga mai shi."

"Fita mini gida, mai warin awaki."

"Ina tahiya. Amma hwaɗa min, sun ba ka ƙashin ka zo da shi? Mu sa a miya, kada a yi asara."

Ina rungume da matashi, hawaye na zuba, ina roƙonsa ya yi wa Allah ya yi shiru.

Sannu a hankali ruwan kwalba ya fara jin tsorona. Yatsuna suka hau bango daga daidai kafaɗa har suka taɓo azara. Tafiya kuma na faro daga ƙofar gida zuwa masallaci, ina hutawa a gindin kowace bishiya kamar mai gaisawa da su, har na kai ina zuwa kasuwar dabbobi in dawo da ƙafata. Na fara cika baki. Na ce wa taubashina kwalba ta yi mini kaɗan, a kawo abin da ya yi kama da dabba.

Ranar kasuwa sai ga shi da salka, irin ta fatar akuya da Buzaye ke ratayawa da ruwa a ƙarƙashin cikin jaki. Tsohuwa ce, ta yi baƙi, ya ce wajen wani abokinsa makiyayi ya karɓo. "Ga akuya ba rai," ya ce. "In ka cika wagga, ka cika rago."

Na jiƙa ta ta yi laushi, na kama bakinta na fara. Ta ɗan tasa, na tsaya jan numfashi, ta kwanta. Na sake, ta tasa, ta kwanta. Na yi ta yi har na ga taurari da rana tsaka. Washegari haka, jibi haka. Tun ina zagin salkar har na koma zagin kaina. Watan Salla ya kama, aka fara shigo da raguna gari, ana ɗaure su a ƙofar gidaje, ni kuwa tsohuwar fatar akuya ta gagare ni. Abincina ya ragu. Na daina tsokanar kowa, abin da ya fi ciwon tayar wa mutanen gidan hankali. Wani marece na ajiye salkar na ce wa maiɗakina, "Gobe zan je wajen liman in ce ya kira Bamaraɗen nan. Gara in faɗa da bakina da in faɗi a gaban jama'a."

Ta ɗauki salkar ta juya ta, ta sake juyawa. Ta jawo babbar robar wanki cike da ruwa, ta ce, "Hura mu gani." Na hura, ta danna ta cikin ruwan. Sai ga kumfa na fita ɓul-ɓul ta wajen hammata, ga wata ta wuya, ga wata siririya ta gindi. Salkar nan ta fi rariya huji.

Da taubashina ya zo, na tare shi da ita tun daga zaure. Ko kunya bai ji ba.

"To da mi? Da lahiyayya na kawo ma, da rana guda ka cika ta, ka tahi kasuwa kana gaya ma mutane ka hura giwa, ka aje aiki. Wagga kuwa ta sa ka yi ta yi. Dube ka, kana zagina tun ɗazu ba ka tsaya shan iska ba."

Na buɗe baki zan rama, sai na lura gaskiya ne. Tun daga ƙofa nake surfa masa zagi, dogo, mai rassa, har da kakanninsa waɗanda nawa ne ni ma, a numfashin da bai coge ba. Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi, ko kuwa salkar banza ya samu ya kawo, dabarar ta zo masa daga baya. Na fi zaton na biyun. Maiɗakina ta kai wa baduku ya liƙe hujojin, na hura ta, ta tashi ta yi ƙiba. Sai dai salka ba rago ba ce. Salka fanko ce, iska na shiga ba mai hana ta. Rago kuwa fatarsa manne take da nama, sai iskarka ta yi ƙarfin ɓamɓare ta.

Ranar Salla muka sauko daga idi, liman ya yanka ragonsa a ƙofar gida. Shekarar kowa ya yi layya da abin da ya samu, wasu da ɗan akuyar da in ka ɗaga shi iska na kaɗa shi, amma ragon liman sai da ya zama ƙato, fari, mai ƙaho a murɗe, wanda wani ɗansa ya aiko masa. Na dube shi na ce a raina, duk shekarun da nake da haƙarƙarina cikakku ba ka zo ba sai bana. An riga an tara itace a fili, an fere sandunan da za a baje raguna a kai a jingina su kewaye da wuta. Maza sun yi da'ira da sababbin riguna. Bamaraɗen yana gefe da wuƙaƙensa a naɗe cikin tsumma, wai wucewa yake yi ya tsaya gaisuwa. Taubashina ya taho tun daga Barmu, ya ce ba zai bari a ba shi labari ba.

Liman ya dube ni da tausayi. "In jikin bai ba ka ba, kada ka matsa. Lafiya ta fi."

"Allah gafarta malam, a ba ni wuri."

Na durƙusa. Na tsaga ƙafar, na zura tsinke, na yi bisimilla na kafa baki. Hurawar farko ta tafi kamar na zuba ta a rijiya. Na matse tsagar da hannu kada abin da na saka ya gudo, na ɗaga kai na ja iska yadda majo ya koya mini, a hankali, har ƙasan ciki. Wajen ɗinkin ya ja kamar an ɗaure ni da igiya, amma ya bari ta wuce. Na sake kafa baki. Cinya ta motsa. Na huta. Na sake. Iska ta haura kwiɓi, na ji fatar na ɓamɓaruwa da ɗan ƙaran nan da kowane mahauci ya sani, kamar ana yage sabon ƙyalle a nesa. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Na dai san inuwar katanga ta bar kaina ta koma wani wuri. Na san an kawo wa liman kujera. Gumi ya jiƙa rigar Sallata, kunnuwana na ƙara, wasu daga cikin masu kallo sun je gida sun dawo. Wani ya ce a karɓe ni mana, liman ya ɗaga hannu ya ce a bar ni. Na yi ta yi, hura, matse, huta, hura, har ƙafar gaba ta miƙe, ta biyun ta bi ta, wuya ya cika. Na ɗaure tsagar, na buga cikin ragon da tafin hannun dama, hannun da watannin baya ba ya kai loma baki sai da dabara. Ya amsa: tim.

Jama'a suka ɗauki kabbara kamar an ga wata. Bamaraɗen, Allah ya ba shi lada, shi ya fara miƙo mini hannu ya tashe ni, sannan ya tuna ana jiransa a wata unguwa. Liman ya ce, "Madalla. In ka gama nan, gidan mai unguwa na jiranka, su ma ba su kira kowa ba."

Ai sai na ji ƙirjina ya cika fili. Na gyara hula, na ɗora wa ragon ƙafa ɗaya, na juya ina duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ku shaida! Da rabin ƙirji na yi wannan. Da sun bar mini haƙarƙarina shida, da yanzu kuna neman ragon liman a sararin samaniyar garin Kalfu!"

Taubashina ya matso, ya sunkuya, ya latsa cikin ragon da sandarsa, ya shinshina, ya ɗaga kai ya dubi rana. Sannan ya juya wajen liman.

"Allah gafarta malam, a yi maza a feɗe shi. Wanga ba hurawa ba ce, zaman jiran ɗan kawu ne cikin rana ya sa shi kumbura da kainai."